Babi na Bakwai: Sukurun da Ba Ya Ƙara wa Inji Ƙarfi

A cikin kayan da ake tallatawa da sunan ƙara wa mota kuzari, kaɗan ne suka kai regiletar matsin mai jan ido. Ba ta wuce cikin tafin hannu ba, an ƙera ta da alminiyam mai sheƙi, ja ko shuɗi, da ɗan geji manne a gefe, da sukuru a ka wanda in an murɗa shi allurar gejin za ta hau ko ta sauka nan take. Mutum biyu ne suka fi nemanta, kuma burinsu kishiyar juna ne. Akwai matashin da ke son motarsa ta riƙa fizga in ya taka totur, shi murɗawa zai yi matsi ya hau. Akwai kuma magidancin da kuɗin mai ya dame shi tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin mai a Najeriya litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, shi kuma saukar da matsi yake so a yi. Abin da wannan babi zai nuna shi ne, a motar da ba a taɓa injinta ba, dukansu biyu ba za su samu abin da suke nema ba. Regileta ba ta ƙirƙirar ƙarfi, ba ta kuma rage shan mai. Aikinta riƙe adadi guda ne wanda sauran sassan injin suka dogara da shi, saboda haka ba a canza ta sai ta lalace ko an canza wani abu da ya sa ta asali ta gaza, kuma ko a lokacin awo ne ke yanke hukunci, ba jin jiki ba.

Abin da take yi a cikin inji

A motar da ke amfani da nozul, famfon lantarki ne ke ɗebo fetur daga tanki ya tura shi ta filta zuwa wani bututun ƙarfe da nozuloli ke jere a jikinsa, wanda makanikai ke kira rel. Famfon nan turawa kawai ya sani. In ka buɗe masa hanya mai zai yi ta kwarara ba tare da wani matsi ba, sai an tare masa gaba sannan matsi ke taruwa. Regileta ita ce mai tarewar. A tsarin da ke da tiyon mayar da mai tanki, tana zaune ne a ƙarshen rel, bayan nozul na ƙarshe. In aka buɗe cikinta abu uku za a gani: sifirin, da tantanin roba, da ɗan bawul. Sifirin yana danne tantanin, tantanin yana rufe bawul, mai kuma yana turowa daga ƙasa. Da zarar ƙarfin man ya rinjayi sifirin sai bawul ya ɗaga, rarar ta koma tanki, matsi ya tsaya a inda aka nufa. A yawancin motocin fetur masu nozul ɗaya ga kowace silinda adadin nan yana kusa da bar 3, wato psi 43.5. Ta kasuwa ba ta bambanta da ta kamfani a wannan tsari ba, sai dai ita an sa mata sukurun da ke ƙara danne sifirin ko sassauta shi, kuma ƙofar bawul ɗinta ta fi faɗi.

Dalilin da ya sa adadin yake da muhimmanci shi ne kwamfutar mota ba ta ganin man da take zubawa. Lokaci take aunawa. Tana buɗe nozul na ɗan ƙanƙanin lokaci, kashi 2 zuwa 4 cikin 1000 na daƙiƙa in injin yana silo, ta ƙara tsawon lokacin in an taka totur, kuma duk lissafinta ya ginu ne a kan cewa matsin da ke bayan nozul shi ne wanda kamfani ya rubuta mata. Kamar mai cika jarka ne a famfon unguwa wanda ya saba da ƙarfin ruwan har ya daina leƙawa, yana ƙirga lokaci ne kawai ya rufe. Ranar da ƙarfin ruwa ya sauya, ko jarka ta yi ambaliya ko ta tashi rabi, alhali ƙirgarsa ba ta canza ba. Tun da kamfanin Bosch ya fito da tsarin D-Jetronic a motar Volkswagen 1600 a 1967 ake tafiya a kan wannan ƙa'ida ta tsayayyen matsi da lokaci mai sauyawa. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne cakuɗar da za ta ƙone tsaf, wadda ga fetur take kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai in an auna da nauyi.

Akwai kuma siririn tiyon da ke fitowa daga kan regileta ya shiga manifol, wanda mutane da yawa ke ɗauka ado ne. Bakin nozul yana cikin manifol, kuma iskar da ke wurin ba ɗaya take kullum ba. In injin yana silo totur a rufe yake, fistin suna zuƙa, sai matsin cikin manifol ya faɗi da wajen bar 0.6 ƙasa da na iskar waje, wato manifol da kansa yana taya jawo mai daga nozul. In an take totur har ƙasa zuƙar nan ta ɓace. Abin da ke tantance yawan man da zai fita kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin matsin rel da matsin manifol, ba abin da geji ke nunawa shi kaɗai ba. Siririn tiyon yana kai wa saman tantanin labarin abin da ke faruwa a manifol, don tazarar ta zauna daram. Shi ya sa lafiyayyar regileta ta bar 3 za ta nuna wajen 2.4 ko 2.5 a silo, ta koma 3 in an zare tiyon. Wanda ya bar tiyon a zare ya mayar da tazarar 3.6 a silo, ya ƙara wa injin mai da kusan kashi 10 cikin 100 ba tare da ya sani ba.

Abin da sukurun ba zai iya ba

Mu fara da lissafi, domin shi ne ke rage wa sukurun kwarjini. Man da nozul ke fitarwa ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar matsi. In kana son ka ninka shi sau biyu sai ka ninka matsi sau huɗu. Daga bar 3 zuwa 3.5 ƙarin bai wuce kashi 8 cikin 100 ba, daga 3 zuwa 4 kuma wajen kashi 15 ne, saukarwa daga 3 zuwa 2.5 kuma tana rage kusan kashi 9. A ɗaya ɓangaren famfo ne ke biyan kuɗin wannan ƙari, domin duk famfon mai yawan abin da yake turawa raguwa yake yi in matsi ya hau, ga jan wuta, ga zafi. Famfon da ya riga ya tsufa zai iya nuna bar 4 a gareji lokacin da injin ba ya shan komai, amma a kan babbar hanya, in nozuloli sun buɗe sosai, ya kasa riƙe ko 2.5. Regileta tana iya zubar da rara, amma ba ta iya samar da abin da famfo bai kawo ba. Shi kansa nozul, in matsin bayansa ya yi yawa, yakan ɗan makara wajen buɗewa, abin da ke dagula silo.

Mai son rage shan mai zai ce, ai kashi 9 cikin 100 ba ƙaramin abu ba ne a aljihu. Da haka ne da kwamfutar ba ta da mai ba ta rahoto, amma tana da shi. A cikin salansa akwai sansar oksijin, wadda Bosch ya fito da ita a 1976 aka fara sa ta a motocin Volvo, kuma aikinta shaƙar hayaƙi ta faɗa wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In injin ya ɗauki zafi ana tafiya ta yau da kullum, kwamfuta tana sauraren sansar nan ba ƙaƙƙautawa. Ka rage matsi, sansa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara tsawon lokacin buɗe nozul da daidai abin da ka rage, ta kuma adana gyaran a ƙwaƙwalwarta. Man da motar ke sha bai sauya ba, illa dai feshin nozul ya rage laushi. In ragin ya wuce iyakar da take iya cikewa, wadda a motoci da yawa take wajen kashi 20 zuwa 25, sai fitilar injin ta kama a dashbod, kuma a motocin da ke bin tsarin OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996, na'urar bincike za ta nuna lambar P0171. In ƙarawa aka yi har ya wuce gona da iri, P0172 za a gani.

Inda haɗarin yake shi ne lokutan da kwamfuta ba ta sauraren sansa: da safe kafin injin ya yi zafi, da kuma sa'ad da aka take totur har ƙasa, kamar wajen wuce tirela ko hawan tudu da kaya. A nan kamfani da gangan yake sa mai ya ɗan yi yawa, wajen kashi 12 zuwa 13 na iska ga 1 na mai, domin ƙarfi ya fito kuma rarar man ta sanyaya cikin silinda. Wasu kwamfutoci suna ɗaukar gyaran da suka koya su yi aiki da shi a wannan hali, wasu ba sa ɗauka, amma sansa irin ta da ba ta iya tabbatar da sakamakon a nan. In mai ya yi kaɗan a daidai wannan lokaci zafin ƙonewa yakan hau, injin ya fara ƙwanƙwasa, in abin ya daɗe bawul ɗin hayaƙi ya ƙone ko kan fistin ya zaizaye. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin arewacin Najeriya da kudancin Nijar ke haura digiri 40, injin ba shi da wani sauran sarari na jure irin wannan. Garin neman gira ke nan a rasa ido: tanadin da bai tabbata ba a gidan mai, da kuɗin sauke inji da ya tabbata a gareji.

Mai neman ƙarfi kuwa hujjarsa ta fi wuyar turewa, domin yakan ce ya gwada ya ji bambanci, kuma sau da yawa ba ƙarya yake yi ba. Amma ya kamata a tambayi daga ina bambancin ya fito. Ƙarfin inji iska ce ke iyakance shi, ba mai ba. Silinda tana da girman da ba ya canzawa, iskar da za ta shiga ita ce za ta shiga, kuma man da ya wuce abin da iskar za ta iya ƙonawa baƙin hayaƙi kawai yake zama. Injin da kamfani ya riga ya saita a 12.5, in aka ƙara masa kashi 15 ya koma wajen 11, ƙarfinsa raguwa zai yi. To me ya sa wancan ya ji motarsa ta farfaɗo? Saboda dama yunwa take ji. Nozulolinta sun toshe da datti, ko filta ta cushe, ko sifirin tsohuwar regileta ya saki. Ƙarin matsi ya rufe ciwon ne bai warkar da shi ba, kuma nozuloli ba sa toshewa daidai wa daida, don haka silindar da nata nozul ke da lafiya yanzu mai ya yi mata yawa. Rarar man tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya riƙa ci, ta gangara ta tsinka baƙin mai, ta baƙanta fulogi, sauran kuma ya je ya ƙone a cikin matacin hayaƙin nan da ake kira indomi har ya narke.

Wani bakanike zai ce duk wannan magana ta motar da sansarta ke aiki ce, mu kuwa yawancin motocin da ke shigo mana an cire indomi, sansa ta mutu ko an yanke wayarta, kuma in mun murɗa sukuru muna ganin hayaƙi ya sauya. Gaskiya ne, a irin wannan mota sukurun yana da tasiri kai tsaye, kuma ba abin mamaki ba ne hannu ya tafi gare shi. Manyan makanikan ƙasar nan da yawa sun koyi aiki ne a kan kafireto, a zamanin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, inda kunne da sukurudireba suka isa a saita silo. Amma sukurun kafireto silo kawai yake taɓawa, wannan kuwa yana ɗaga ko sauke mai a kowane gudu lokaci guda. In ka saita shi silo ya yi daɗi, ba ka san abin da ka yi wa injin a gudun kilomita 120 a awa ba. Motar da sansarta ta mutu makauniya ce, kuma maganinta a mayar mata da idonta. Saita matsi da kunne a kanta gyaran gangar Auzinawa ne.

Inda take da gurbi

Duk da haka regiletar kasuwa ba kayan yaudara ba ce, akwai wuraren da babu makawa sai ita. Na farko shi ne in an sa famfon da ya fi na asali girma, irin Walbro mai tura lita 255 a awa da masu gyaran motocin tsere suka saba da shi. A silo kusan duk man nan komawa tanki zai yi, ƙofar regiletar kamfani kuma ƙarama ce, ba ta iya fitar da shi, sai matsi ya haura inda aka nufa. A nan ana sa babba ne don a dawo da matsi bar 3, ba don a wuce shi ba. Na biyu shi ne in an ɗora wa inji turbo. Turbo yana cusa iska a manifol, matsin cikinsa ya haura na waje, ya riƙa tokare man da ke son fita daga nozul. In turbo ya kai bar 0.7 matsin rel kuma ya tsaya a 3, tazarar ta koma 2.3, mai ya ragu da wajen kashi 12 a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ana bukatar regiletar da za ta ɗaga matsin mai ɗaya bisa ɗaya da na turbo, da famfon da zai iya binta. Na uku ya fi kusa da mu: motar da aka cire wa nozul aka mayar kafireto, kamar yadda ake yi wa tsofaffin motocin haya. Kafireto ba ya son abin da ya wuce bar 0.2 zuwa 0.4. In aka bar masa famfon nozul sai ya cika ya yi ta tsiyaya a kan inji mai zafi, don haka dole a sa regileta mai ƙaramin matsi da tiyon mayarwa, ko a canza famfon ɗungurungum.

Na huɗu shi ne in ta asali ta lalace kuma ba a samu irinta ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma a fara neman ta asali, sabuwa ko ta Beljiyam, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, domin ita tana zama a mazauninta ba tare da an yanka tiyo ko ɗaya ba. In ta gagara, a sa ta kasuwa a saita ta a adadin kamfani, kuma a tabbatar da adadin, kada a ɗauka kowace mota bar 3 ce. Golf 3 mai nozul guda ɗaya a saman manifol, misali, da wajen bar 1 take aiki. Sannan a san cewa ba kowace mota ce ke da wurin sa ta ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni suka fara cire tiyon mayarwa, don man da ya zagaya ta kan inji yana ɗumama tanki ya ƙara tururi. Corolla da Camry da Accord na wajen 2003 zuwa sama duk haka suke: regileta tana cikin tanki tare da famfo, matsi ba ya bin manifol, kwamfuta ce ke lissafa bambancin da kanta. Wanda ya jawo wa irin wannan mota tiyon mayarwa ya haɗa mata regileta mai bin manifol ba tare da an sake saita kwamfutar ba, an yi gyara sau biyu a kan abu ɗaya. Injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda kuwa, masu aiki da bar 100 zuwa 200 ko fiye, wannan babi bai shafe su ba sam.

Yadda ake ɗaura ta

Kafin a sayi komai a ɗaura gejin gwaji a kan motar yadda take. A kunna makulli ba tare da tayar da inji ba a ga inda allura ta tsaya, a tayar a duba a silo, a zare siririn tiyo a ga ko ta hau da wajen rabin bar. A shinshina bakin tiyon: in akwai ɗanyen fetur a ciki tantani ya yage, regileta ta mutu. A kashe inji a jira. In allura ta zube cikin 'yan mintuna, ko regileta ce ke yoyo, ko nozul, ko bawul ɗin da ke cikin famfo, kuma sai an ware wanne ne. Matsin da ke faɗuwa in an taka totur kusan kullum laifin famfo ne ko filta ko wayar da ke kai wa famfo wuta. Wannan gwaji na rabin awa shi ne ke raba motar da ke bukatar regileta da wadda filta kawai take so.

In an tabbatar ana bukatar regileta, a bar inji ya huce, a yi aikin a fili, abin kashe gobara a kusa, ba mai shan taba, ba mai walda a gefe. A zare fis ko rile na famfo, a tayar da inji har ya mutu da kansa, a cire kan batir na baƙar waya, sannan a naɗe mahaɗar da tsumma kafin a kwance ta, don akwai sauran mai. Tsarin haɗi shi ne famfo, filta, rel, regileta, sannan tanki. Ta asali a cire ta a sa adafta a gurbinta, kada a bar su biyu suna jayayya. A ɗaure sabuwar a kan ƙarfe mai ƙarfi nesa da manifol ɗin hayaƙi, a bar wa tiyo ɗan lanƙwasa domin inji yana motsi a kan kujerunsa. Tiyo shi ne inda aka fi yin ganganci. A karanta rubutun jikinsa: SAE J30R9 shi ne na motar nozul, J30R7 na ƙaramin matsi ne, wanda zai zauna cikin tanki kuma J30R10. Tiyon ruwa ko na iska ba ya shiga nan ko da ya yi daidai a ido. A yi amfani da kilif mai santsin ciki wanda ba ya cizon roba, ba waya ba. Mahaɗa mai zoben roba ko mai baki a karkace ba a naɗa mata farin tef, domin guntunsa yakan tsinke ya je ya toshe nozul ko ya maƙale a bawul. Tiyon mayarwa kada ya tanƙware ko ya ƙanƙance, in ba haka ba duk yadda aka sassauta sukuru matsi ba zai sauka ba. Siririn tiyo kuma ya fito daga manifol bayan totur, a kafa tasa shi kaɗai.

Saiti shi ne mataki na ƙarshe, kuma yana da tsari. A sassauta sukuru tukuna, a mayar da fis da batir, a kunna makulli a kashe sau uku ko huɗu, a bi kowace mahaɗa da busasshiyar farar takarda. Ɗigo ɗaya ya isa a tsaya. A tayar da inji, a zare siririn tiyo a toshe ɓangaren manifol, a murɗa sukuru dama a hankali har allura ta kai adadin kamfani, a riƙe shi a ɗaure notin da ke kulle shi, a sake dubawa domin ɗaurewa yakan ɗan motsa shi. A mayar da tiyo, allura ta sauka. A ɗan taɓa totur, ta yi tsalle ta dawo. Daga nan sai gwaji a hanya, da gejin lantarki ko wanda aka liƙa a wajen gilashi, domin tiyon fetur ba ya shiga inda mutane ke zaune. A ƙarshe a haɗa na'urar bincike a ga gyaran da kwamfuta ke yi: in yana cikin kashi 5 zuwa 10 sama ko ƙasa, aiki ya yi.

Ko an yi komai daidai akwai farashin da ake biya. Yawancin regiletoci masu sukuru ba sa riƙe matsi bayan an kashe inji kamar na kamfani, don haka a ranar zafi man da ke rel yakan tafasa ya zama tururi, mota ta daɗe tana juyi kafin ta tashi. Ɗan gejin nan mai ruwa a ciki yakan yi ƙarya in ya ɗauki zafin inji, don haka kada a bi shi ana sake murɗa sukuru. Kasuwa kuma cike take da jabu masu kwaikwayon kamannin sanannun kamfanoni irin su Aeromotive da Turbosmart, kuma abin da ya bambanta su yana ciki inda ido ba ya gani, wato ingancin tantanin roba. Man da muke sha ma ba kullum yake da tabbas ba. A Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya da kansu sun amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, kuma metanol yana cin roba mara inganci. Tantanin da ya yage yana tura ɗanyen mai kai tsaye cikin manifol. Kowace sabuwar mahaɗa kuma wata ƙofar yoyo ce a kusa da ƙarfen da zafinsa ya isa ya kunna fetur ba tare da tartsatsi ba.

Saura mai cewa, in haka ne me ya sa kusan kowace motar tsere ke ɗauke da ita? Saboda a can ita ce ta ƙarshe a jerin, ba ta farko ba. An ƙara wa injin iska, an lissafa man da iskar ke bukata, an zaɓi nozulolin da ba za su wuce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na lokacin buɗewarsu ba, an sa famfon da zai ciyar da su, sannan aka kawo regiletar da za ta riƙe matsi wuri guda don a iya saita kwamfuta a kansa da sansar oksijin mai faɗin awo. Bayan an gama kuma ba a sake taɓa sukurun. Saboda haka kafin mai mota ya yarda a ɗaura masa, ya nemi amsar abu uku daga bakanike: me aka canza a injin da ya sa ta asali ta gaza, nawa geji ya nuna kafin a taɓa komai, kuma a nawa za a saita sabuwar, bisa wane dalili. In amsa ta ƙare a kan cewa mota za ta ƙara gudu ko za ta rage sha, kuɗin ya fi amfani a kan sabuwar filta da wankin nozul da sansar oksijin mai aiki. Yadda ake karanta lambobin da wannan sansa ke sa kwamfuta ta rubuta shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.